Darasi: Ruɓewar Haƙori da Ƙarancin Jini ga Ƙananan Yara

'Yan'uwa mata, idan haƙorin yaro ya yi baƙi ko ya yi kogo, sai mu ce ai haƙorin nono ne, zai yi famfara. To amma famfara ba ta farawa sai wajen shekara 6, turame kuwa sukan kai shekara 10 ko fiye kafin su faɗi. Yaro ɗan shekara 3 zai daɗe yana shan wahala ke nan.

Me ya haɗa haƙori da jini?

Jiki yana haɗa jini da sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a nama, hanta, kifi, wake da ganye kamar zogale da alayyahu. Yaron da haƙori ke masa ciwo ba ya son tauna. Sai ya koma shayi, koko mai sukari da biskit. Sukarin yana ƙara cin haƙorin, shayin kuma yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Da haka jini ke raguwa a hankali.

Alamomin da za ki duba

- Tafin hannu, harshe da cikin fatar ido sun yi fari.
- Yaro yana saurin gajiya, ba ya son wasa.
- Yana cin ƙasa.

Maleriya, tsutsar ciki da sikila su ma suna kawo ƙarancin jini. Don haka kada ki sayi maganin ƙarin jini da ka. Ki kai shi asibiti a auna jininsa, a duba haƙorin. Idan kunci ya kumbura da zazzaɓi, a tafi ranar.

Abin yi a gida

- Ki goge masa haƙora safe da dare da man goge baki mai fulorayid. Ƙasa da shekara 3, ki sa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake.
- Kada ya kwana da abin zaƙi a baki.
- Ki daka hanta ko kifi, ki dama masa a fate ko miya.
- Bayan abinci ki ba shi lemo ko gwaiba maimakon shayi.

Mu tattauna

Nawa ne kuɗin mota da awon jini a asibitin da ke kusa da mu? Ko asusunmu na taimakon juna zai iya ɗaukar wannan ga 'yar ƙungiyar da ɗanta ke buƙata?