Darasi: Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar BECE

Ɗalibai 'yan aji uku na JHS a Tishigu, da iyayensu, wannan darasin naku ne.

Hukumar WAEC ce ke shirya BECE, kuma da sakamakonta ake samun gurbi a babbar sakandare, wadda Ghana ta mayar kyauta tun 2017. Maki daga 1 ne zuwa 9, kuma 1 ya fi kyau. Darussa shida ake haɗawa: Turanci, Lissafi, Kimiyya, Soshiyal, sai biyu da aka fi ci cikin sauran. Saboda haka kada ku yi wasa da huɗun farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara yanzu:

1. Ku yi karatu da sassafe, kafin zafi da hayaniya.
2. In kun karanta shafi, ku rufe littafin, ku rubuta abin da kuka riƙe. Abin da ya ɓace shi za ku maimaita gobe.
3. Ku nemi tsofaffin tambayoyi wajen malamai, ku amsa kuna duba agogo.
4. Wanda ya fara makaranta da Faransanci ya riƙa karanta shafi ɗaya na Turanci da ƙarfi kullum, domin ko tambayar Lissafi da Turanci take zuwa.

Ranar jarrabawa, ku rubuta lambarku daidai, ku karanta umarni sau biyu, ku fara da tambayar da kuka fi sani. Ku bar waya a gida. In aka kama ta a hannunku, za a iya soke sakamakonku.

Iyaye, ku rage wa yara talla da ɗibar ruwa har a gama. Allah Ya ba da sa'a.