Matsayin Kuskure a Kimiyya: Misali Daga Lissafin Lord Kelvin

1.0 Gabatarwa
Ɗalibai da dama sukan ɗauka cewa manyan masana ba sa yin kuskure. Tarihin kimiyya kuwa ya nuna akasin haka, kamar yadda za a gani a wannan darasi.

1.1 Ƙiyasin Shekarun Duniya
A shekarar 1862, William Thomson, masanin fiziks a Jami'ar Gilasgo wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya ƙiyasta shekarun duniya. Ya ɗauka cewa a narke ta faro, sannan ta riƙa hucewa sannu a hankali kamar ƙarfen da aka ciro daga wutar maƙera. Bisa wannan zato, ya ce shekarunta suna tsakanin miliyan 20 da miliyan 400.

Lissafin nasa bai da aibu, harsashin da ya ɗora shi a kai ne mai rauni, domin ya ɗauki cikin duniya a matsayin sandararren dutse. A 1895, tsohon mataimakinsa John Perry ya nuna cewa idan cikin yana motsi, zafi zai riƙa tasowa, don haka shekarun za su iya zarce ƙiyasin nesa ba kusa ba. A 1956, Clair Patterson ya auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, ya sami kimanin shekaru biliyan 4.55.

1.2 Kammalawa
Ke nan, sau da yawa kuskure a zato yake ɓuya. Malamin da ya tsaya ga soke amsar ɗalibi da jan biro, bai binciko zaton da ya haife ta ba, zai sake cin karo da ita gobe.