Mu Duba Kalmar "Tsoho"

Ɗalibanmu na aji shida da ke fita bana, galibinsu ba su kai shekara ashirin ba, amma daga ranar yaye su za a riƙa kiransu tsofaffin ɗalibai. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kalmar tsoho ba furfura kaɗai take nufi ba.

Mu fara da furuci. Namiji tsoho, mace tsohuwa, jam'i tsofaffi ko tsoffi. Wasulan tsoho duka biyu dogaye ne, murya kuma a sama take. A tsofaffi kuwa, gaɓa biyu na farko suna sauka, ta ƙarshe ta hau, kamar yadda ake faɗin sabo da sababbi. Harafin ts sauti ɗaya ne, ana tsuke maƙogwaro a fitar da shi. Wanda ya ce "soho" bai faɗi kome ba. Asalin kalmar da f ne, shi ya sa muke da tsufa. A Tambuwal da Kebbe za ku ji "tsuhwa", ku ji "tsohuwak kasuwa". Ba kuskure ba ne, Sakkwatanci ne, sai dai a takardar jarrabawa ku rubuta tsufa da tsohuwar kasuwa.

Ma'ana ta farko ita ce mai yawan shekaru ko abin da ya daɗe: tsohon bango, tsohuwar riga. Ta biyu ita ce wanda ya taɓa riƙe wani matsayi ya bari. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya zama tsohon gwamna a 2023, bayan shekara takwas a kan mulki, ba don ya kama sanda ba. Haka in an ce tsohuwar Jihar Sakkwato, ana nufin wadda ta haɗa da Kebbi kafin 1991 da Zamfara kafin 1996.

To, a nan ne ake tuntuɓe. Na taɓa jin wani yaro yana jawabin maraba, ya ce "tsohon fastonmu" alhali bawan Allah yana zaune a gaba, yana kan aikinsa. Yaron girmamawa yake nufi, amma sai jama'a suka fara duban juna, wasu na tambaya ko an yi canji ne. In shekaru kuke nufi, ku sa sifar a baya: fasto tsoho. Gara ma ku ce dattijo, domin dattijo yana ɗauke da daraja da hankali, shi ya sa muke cewa dattawan ikilisiya, ba tsofaffin ikilisiya ba. Ni dai ban so yaro ya dubi babba ya ce masa "tsoho", ko da yake samari sukan ce tsohona da tsohuwata in suna zancen iyayensu, ba kuwa da raini ba. A fuskarsu, Baba da Inna ne.

Masu fassara daga Turanci kuma su lura: ba a cewa tsohon ɗan'uwa ga wanda ya girme ka. Wa ne, mace kuma ya.

Saura Tsohon Alkawari. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko an daina aiki da shi ne, kamar tsohon kuɗi. A'a. Littattafansa 39 tsofaffi ne domin sun riga 27 na Sabon Alkawari zuwa, kuma daga cikinsu Yesu ya karanta Ishaya a majami'ar Nazarat. Har gobe muna karanta Zabura ran Lahadi.