Karanta Jikin Kwalba Kafin Ka Ɗiga ko Ka Shafa: Shawarwari ga Magidanta

A birnin Kano, daga Jakara zuwa Mandawari, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da ledar magunguna rataye a ƙusa ba: ragowar maganin ɗigawa a ido, man shafawar da aka matse har wuya, da katin asibitin da ya sha maiƙo. Yawancinmu launin kwali muka sani. Sai a aiki yaro kemis a ce ya karɓo "mai ruwan ɗorawan nan". Alhali abin da ke warkarwa ko ya yi ɓarna yana cikin ƙananan rubutun da ba ma dubawa. Ga wasu da ya kamata ko da mutum ɗaya a gida ya iya ganewa.

1. A raba yana da hawan jinin ido. Idan Baba ya fara cewa yana ganin hazo, ko fitilar mota na kashe masa ido da dare, galibi yana ce, wadda likita zai rubuta cataract. Ana cire ta da gajeriyar tiyata, a dasa ɗan ƙaramin gilashi cikin idon, shi ne IOL a takarda, gani ya dawo da yardar Allah. Glaucoma kuwa, wato hawan jinin ido, mugun ɓarawo ne: ba ciwo, ba ja, yana cin gani daga gefe-gefe, kuma abin da ya cinye ya tafi ke nan. Sunan na ruɗar mutane, don ba ruwansa da hawan jinin da ake aunawa a hannu. Matsin ruwan cikin ido ne, ana rubuta shi IOP, kuma daga 10 zuwa 21 ake ɗauka daidai. Wanda aka ɗora kan maganinsa ba ya dainawa don kwalba ta ƙare. Ciwon yana bin dangi, saboda haka in an same shi ga mutum ɗaya, 'yan'uwansa da suka kai shekara 40 su je a auna su. Mai asma ya faɗa wa likita kafin ya karɓi maganin ɗigawa na timolol.

2. Kada a bari mai yawo gida-gida ya taɓa yana da tsinke. Tura ta cikin ido kawai yake yi. Tsoho zai ga haske a ranar, a yi ta barka, bayan 'yan watanni idon ya mutu. Kano ba ta rasa inda za a je ba: asibitin ido na ECWA yana aiki tun 1943, ga na Makka, ga sashen ido na Asibitin Murtala a nan bakin Ƙofar Mata, ga kuma na Malam Aminu Kano.

3. Apolo kan wuce da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Ruwa mai tsabta, wanke hannu, kowa da tawul ɗinsa. Ban da ruwan nono, ban da ruwan sukari ko albasa. In kwalbar ɗigawa na ɗauke da dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, a ajiye ta sai likita ya duba idon. Suna kwantar da ja nan take, shi ya sa ake son su, amma suna ɗaga matsin ido, kuma in akwai gyambo a baƙin ido sai su ƙara rura shi ya bar hakiya. Jariri sabuwar haihuwa da idonsa ke fitar da mugunya kuwa, asibiti a ranar, ba a kwana.

4. Takardar gilashi ba ta da wuyar karatu. RE ko OD idon dama, LE ko OS na hagu. Lambar da ke ƙarƙashin SPH in tana da alamar ragi, mutum ba ya hangen nesa, irin yaron da malami ke cewa ba ya kwafar allo. CYL da AXIS na gyara karkacewar gani. ADD ƙarin karatu ne, na wanda ya haura 40 ya fara miƙa Alƙur'ani nesa da fuska kafin ya ga wasali. Gilashin tebur na kasuwa zai iya yi wa irin wannan aiki, sai dai mai tebur ba ya auna matsin ido. Ga yara kuwa, sam. Maganar cewa gilashi na ƙara kashe ido ba ta da tushe.

5. Nan ne uwar gida za ta fi sa ido: man shafawa. Duk kwalin da aka yi wa kirarin yana maganin komai, a juya shi a nemi clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, amma an mai da su man yau da kullum, har ana cakuɗa su da man kaɗanya a shafe jariri wai don ya yi haske kafin suna. Fatar jariri sirirya ce, maganin na ratsawa cikin jini. Ga manya, alamomin ba ɓoyayyu ba ne: fata ta yi laushi kamar leda har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa a damtse, ƙuraje, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin fuska kuma fara. Hydroquinone, in an daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Mercury na taɓa ƙoda. Haɗin da aka zuba a roba ba suna ba lambar NAFDAC, ko da an kira shi oganik, ba wanda ya san cikinsa sai mai haɗawa. A 2023 hukumar ta NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wadda ta daɗe a kai kada ta yanke rana ɗaya, fata na iya yin bore. Likitan fata zai janye mata a hankali. Sannan makero, kyasbi da ƙazuwa kowanne da maganinsa, man nan mai haɗe-haɗe lafar da makero yake yi ya bar shi yana yaɗuwa.

6. Jan lalle na gargajiya ba a cika samun matsala da shi ba. Baƙin, wato dayis, yakan ƙunshi sinadarin PPD na rinin gashi, mai sa ƙaiƙayi da bororo. Wadda ya taɓa yi wa haka ta haƙura da shi har abada, da rinin gashi ma. Masu shirya amarya su tambaya tun kafin ranar ƙunshi.

7. Ba kowane ciwon haƙori ne na cirewa ba. Ƙaramin kogo ciko ake yi. In ya kai jijiya, akwai aikin da ake rubutawa RCT: a kwashe jijiyar, a cike, a bar maka haƙorinka. Scaling shi ne wankin haƙori, yana kankare dattin da ya daskare wanda asuwaki ba ya iyawa, kuma ba ya sa haƙori girgiɗi. Ciwon dasashi ne ke sa wannan. Ba a cusa asfirin ko ruwan batir a kogo. In yaro ya faɗi babban haƙorinsa ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai ban da saiwa, a jefa cikin madara, a kai ga likita cikin awa ɗaya. Haƙorin Makka kuma, in dasashin gefensa na jini ko wari, a je a duba ƙarƙashinsa.

8. Tiyatar gyara ba ta 'yan gayu kaɗai ba ce. Likitocin da ke wannan aiki su ne ke ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage, su saki yatsun da ƙuna ta manne. Akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam. Ciwon noma mai cin kumatun yara yana da asibitinsa a Sakkwato tun 1999, kuma yana farawa ne da kumburin dasashi da warin baki ga yaro mai tamowa. Tabon da ke tasowa bayan hujin kunne ko tsagar wanzami, keloid ke nan, kuma yankewa kaɗai sau da yawa ƙara masa girma take yi. Mai son allurar cika leɓe ko ƙarin mazaunai ta tambayi abu uku kafin ta kwanta: sunan abin da za a zuba mata a rubuce, rajistar mai aikin da hukumar likitoci ta MDCN, da asibitin da za a kai ta in abu ya ɓaci cikin dare. Shagon gyaran jiki ba ya iya amsa na ukun.