Karatu Ta Hanyar Mas'ala: Daga Zaure Zuwa Wayar Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Akwai wani salon koyarwa ta intanet da ya kamata mu fahimta. Ba a tura wa ɗalibi takarda ya haddace. Manhaja ce za ta kawo masa wani lamari kamar gaske, ta ce masa: yanke hukunci. Duk abin da ya zaɓa, sai ta nuna masa inda zaɓin nasa ya kai shi.

Ga misali a ilimin gado. Mace ta rasu, ta bar miji, uwa da uba, da naira 600,000 bayan an biya bashi da wasiyya. Ɗalibi ya ba miji rabi, 300,000, daidai. Sai ya yi gaggawa ya ba uwa sulusin dukkan dukiyar, 200,000. Nan take manhaja ta nuna masa uba ya tashi da 100,000, uwa ta ninka shi, ta mayar da shi baya ya sake tunani. Da kansa zai gano hukuncin Sayyidina Umar (RA) wanda jumhur suka bi: uwa tana karɓar sulusin abin da ya rage ne, 100,000, uba 200,000. To ka ga, wanda ya yi wannan kuskuren a waya, da wuya ya maimaita shi a gaban magada.

Haka ɗalibin kwalejin aikin gona ta Bakura. A nuna masa fegin shinkafa a noman rani na Bakolori, tsakiyar shukar tana bushewa. Taki zai ƙara, ko kara zai tsaga ya duba? In ya ruga ga taki alhali tsutsa ce a ciki, sai ya ga kuɗin manomi ya tafi, shinkafar kuma ba ta tashi ba. Asara ce, amma a allon waya ta tsaya.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Malaman Iraƙi, almajiran Imam Abu Hanifa, sun shahara da ƙaddara mas'alar da ba ta faru ba don horar da ɗalibi. Ita kanta Mudawwana da muke taƙama da ita a Malikiyya, tambayoyi ne Sahnun (ya rasu 240H) yake jera wa Ibnul Ƙasim: in kaza ya faru fa? Na'urar ce sabuwa, hanyar tsohuwa ce.

Sai dai akwai sharuɗɗa guda uku:

1. Mas'alolin su zama namu. Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau duk a Talata Mafara suke. Malamansu sun fi kowa sanin rikicin iyakar gona, bashin taki da lissafin ɗan kasuwa a ranar Talata. Labarin da aka tsara don ɗalibin Ingila ba zai kama zuciyar ɗan Maradun ba. Kayan aikin kuma kyauta ne: Moodle da H5P duk ana iya gina irin wannan darasi da su.

2. Darasin ya yi aiki ko babu sabis. Ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. A tsara shi mara nauyi, ɗalibi ya sauke sau ɗaya ya ci gaba a gida, kada kuɗin data ya ware ɗan talaka.

3. Malami ya tsaya a kai. Manhaja tana cewa ka yi kuskure, amma amsar da aka zuba mata kawai ta sani. In wanda ya tsara ta ya karkace, ɗalibai ɗari za su karkace tare. Don haka masani ya tace kowace mas'ala, sannan a dawo aji a tattauna dalili.

Ɗalibi, kai ma ba sai ka jira makaranta ba. Ku haɗu ku uku, kowa ya ƙirƙiro mas'ala daga babin da kuka karanta, ku warware, ku kai wa malami ya duba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Wallahu a'alam.