Yadda Ake Daidaita Keke Mai Giya Ɗaya Domin Hanyoyin Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da duwatsunta, irin su Habude da Mesa, ya kuma taɓa bin burtalai masu yashi da ke kai mutum kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, ba zai yi jayayya ba cewa keken da ba a canza masa giya, Raleigh ne ko Phoenix, ba ya biyan bukata sai an daidaita shi bisa hanyar da zai riƙa bi.

Farkon aiki hisabi ne. A ƙirga haƙoran babban faifan da feda ke juyawa, a ƙirga na ƙaramin da ke baya, wanda masu gyara ke kira firiwil, sannan a raba adadin farko da na biyu. Idan gaba 44 ne, baya 18, to juyin feda ɗaya yana tura keke mai taya inci 28 kusan mita 5 da rabi, abin da yake maslaha ga mai bin kwaltar Kano, amma azaba ga wanda ya ɗora buhun gero a kariya ya tunkari hawa. Wajibi ne mai irin wannan hawa ya sa firiwil mai haƙora 22, domin taya ta juya sau biyu daidai a kowane juyin feda, gudu ya ragu, gwiwa kuma ta sami sauƙi. Masu hawan tsaunuka da keke a Amurka ma sukan fara daga wannan ƙa'ida, 32 gaba, 16 baya. Samari sun fi son 18 saboda sauri, alhali kuwa turi ne ƙarshensu a yashi.

Da yake firiwil ya ƙaru da haƙora huɗu, sarƙa za ta bukaci ƙarin kimanin inci ɗaya. Bayan an haɗa ta, a ja tayar baya sannu a hankali, ana lura kada ta karkace, har ya zama sarƙar ba ta motsi sama da ƙasa fiye da rabin inci, kafin a ɗaure noti. Ta yi tauri ta ci haƙora, ta yi sako-sako ta zame.

Sirdi kuwa a ɗaga shi har ƙafa ta miƙe in diddige na kan feda a ƙasa. Wanda rabin hanyarsa kwalta ce, rabi yashi, ya nemi firiwil mai haƙora 20.