Haƙƙin tsohuwar dabba a kan mai ita

Da an gama yankan riɗi da dawa a Gedambaliya, mutane sun samu ɗan abin hannu, sai a fara kawo mana dabbobin da suka daɗe suna ciwo. A aikina na likitan dabbobi, wannan ne lokacin da na fi ganin tsofaffi: jakin da ya ƙarar da ƙarfinsa a jan karo, wato amalanke, karen da ya yi gadin garke har haƙoransa suka zube, kyanwar da ta yi shekaru tana tsare rumbu daga ɓera. Da yawansu sun wuce magani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi da su bayan mun faɗi hakan.

Yawanci sai a kwance wa jaki igiya, a kora shi bayan gari, a ce an bar shi ga Allah. Je ka juji ka gan shi bayan mako guda: yana kalar leda, hankaka na tsattsagar gyambon bayansa. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a wannan yanki, amma har gobe jaki ne ke kai ruwa ƙofar gida. Daga watan Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, man fetur ya yi tsada, 'yan uwanmu suka kwararo Gadarif daga Khartum da Wad Madani da Sinja, nauyin da ke kan jakuna ya ƙaru. Dabbar da ta ɗauke mana wannan nauyi ba ta cancanci ƙarshenta ya zama a juji ba.

Mataki na farko shi ne mai dabba ya iya karanta ciwo. Jaki gwanin ɓoye zafi ne. Ba zai yi birgima ko ihu ba, sai dai ya sunkuyar da kai, kunnuwa su kwanta gefe, ya tura baki cikin abinci ba tare da ya haɗiya ba. In ka ga dunƙulen ciyawa da ya tauna ya zubar a ƙasa, haƙoransa ne suka gaza. In kuma ya daina ci, kada a jira jibi, domin kitsen jikinsa yakan kwarara cikin jini ya lalata hanta da ƙoda. Tsohuwar kyanwa mai yawan shan ruwa da fitsari, tana ramewa, bakinta na wari, sau da yawa ƙodarta ce ta gaji. Tsohuwar karya takan fito da ƙulli a nono, kuma wani ƙullin daji ne. Karen da ke ramewa, gashi na zubewa a gefen idonsa, farata na tsawo, a kawo shi gwaji, domin jiharmu ta Gadarif gidan cutar kala'azar ce, kuma kare ma yana kamuwa da ita.

Idan likita ya ce babu warkewa, aikin jinya bai ƙare ba, ya koma na rage wahala. A sauke wa jaki kaya gaba ɗaya. A jiƙa masa dusa ta yi laushi, a ajiye ruwa kusa da shi, a ɗaure shi a inuwa. Dabbar da ta kasa tashi a yi mata shimfiɗar yashi ko busasshiyar ciyawa, a riƙa juya ta bayan 'yan sa'o'i don kada jikinta ya fashe. Ina roƙonku da babbar murya, ku daina ba dabba maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna cinye cikin kare har ya yi amai da jini. Lalas da shafa baƙin mai a kan gyambo kuwa ƙarin azaba ne kawai.

Akwai ranar da jinya kanta take zama tsawaita wahala. Nakan ce wa mai dabba ya amsa tambayoyi huɗu tsakaninsa da Allah. Tana ci da sha? Tana iya tashi da kanta? Tana numfashi da barci babu nishi? Tana gane shi in ya zo? In amsoshin sun koma "a'a", kuma ranakun wahala sun rinjayi na sauƙi, lokacin hutar da ita ya yi. Mutane da yawa suna tsoron zunubi a nan. Malaman Malikiyya sun yi magana a kai tun tuni, kuma Muhtasar na Shehu Halilu ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga rayuwarta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Mu muna da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi, zuciya ta tsaya ba tare da ta ji zafi ba. Guba da jifa da sanda ba hanya ba ce. Bayan allurar a binne gawar da zurfi, nesa da rijiya, saboda maganin yana nan cikin naman, zai kashe kare ko ungulun da ya ci.

Wata dattijuwa da ta kawo kyanwarta a cikin kwando, an lulluɓe ta da tsohon mayafi, ta ce mini: "Ɗana, kunya nake ji a ce ina hawaye saboda kyanwa." Na ce mata: "Inna, sabo ne, kuma tausayi ba abin kunya ba ne." Addinin da ya sanar da mu cewa an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ba zai ga laifin wannan hawaye ba. Yara ma a faɗa musu gaskiya, kada a ce ta ɓata, su yi ta nema. Dabbobi su ma suna kewa. Jakin da ya saba da ɗan uwansa yakan ƙi abinci in ya rasa shi, saboda haka a bar shi ya ga gawar, ya shinshina ta na ɗan lokaci kafin a ɗauke, sannan a sa ido a kan cinsa.

Sai batun sabuwar dabba. Mai karo ba shi da halin dogon jira, abincin iyalinsa ke nan, amma ko shi ya buɗe bakin jaki ya duba haƙora kafin ya biya, kuma kada ya ɗaura wa ɗan ƙasa da shekara 3 karo, ƙashinsa bai ƙosa ba. Kowace sabuwar dabba a ware ta mako 2, a ba ta maganin tsutsar ciki, a cire mata kaska. In tsohon kare ya mutu da gudawar jini, a sani ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa watanni, kada a sa kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba a wurin. Kwikwiyo da ɗan kyanwa a yi musu allurar haukan kare da zarar sun kai wata 3, don ita ce ke kare yaran gida. Idan tsohuwar tana raye, a raba musu kwano da wurin kwana, kada sabuwa ta ture ta daga abinci. Kuma kada a auna sabuwa da halin wadda ta tafi, kowace da irin nata.

Kafin ka karɓi ɗan kwikwiyo ko ka ja ɗan jaki daga kasuwa, ka tambayi kanka ko za ka iya da tsufansa. In akwai tsohuwar dabba a gidanka yanzu, ka duba bakinta da bayanta da cinta yau ɗin nan, in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka nemi likitan dabbobi mafi kusa. Allah ya sa mu sauke amanar da ya ɗora mana.